Igiyar Baba Anselme

Val-Sernin, Fabrairu 1979

Ɗan'uwana Régis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarka. An ce mini ƙafar nan ta matsa mata a sanyin bana. Ka yi mata sannu, ka ce Odile ta Val-Sernin na gaishe ta. Mu nan da sauƙi. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar sama, motar madara ba ta iya hawowa, da kanmu muke sauke madarar zuwa bakin gada.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna. Rabona da kai tun jana'izar Goggo Berthe, lokacin ko gemu ba ka fara ba. Kakata da kakanka uwa ɗaya uba ɗaya suke. Zumuncin ya yi nisa, na sani, amma duk barikin naku ba ni da wanda zan kira nawa sai kai. Da na ga sunanka cikin sojojin da za su tafi hawan dutse a Nepal tare da mijina Anselme, sai na ji kamar Allah ne ya ajiye ka a wurin.

Régis, Anselme ba shi da lafiya. Ba ciwon da ake gani ba ne. Ka tuna bara da dutse ya faɗo ya tsaga masa hular kwano? Likitan soja ya ɗinke wurin, ya haska idonsa, ya saurari ƙirjinsa, ya ce garau yake. Amma ni nake kwana da tashi da shi. Watan jiya ya tafi sayen burodi da mota, ya dawo a ƙafa, ya tsaya a tsakar gida yana tambayata wa ya ari motar. Ranar Lahadi kuma na shiga ɗakin kayansa in kira shi karin kumallo, na same shi tsaye da igiya a hannu yana kallonta. Ya ɗago ya ce, "Odile, ta ina ake farawa?" Mutumin da ya shekara talatin yana koya wa sojoji ƙulla igiya. Da ya ga fuskata sai ya yi dariya, ya ce tsokanata yake. Ba tsokana ba ce. Na san dariyarsa ta tsokana.

Na roƙe shi ya koma wurin likita. Ya ce, "In na buɗe baki tafiyar ta rushe. Yaran nan sun daɗe suna shiri. Hannuna ya san aikinsa ko da kaina ya tafi yawo." Na ɗauki alƙalami in rubuta wa Kyaftin ɗinku, na kasa. Saura masa shekara guda ya ajiye aiki. In aka cire shi ta dalilina, ba zai ƙara kallon idona ba.

Ban san abin da nake roƙonka ba. Ka sa masa ido. In ka ga abin da na gani, ka san yadda za ka yi a dawo mini da shi, ba tare da an kunyata shi ba.

'Yar'uwarka,
Odile

Bariki, Maris 1979

Yaya Odile,

Na samu wasiƙarki, na gode ƙwarai. Ina lafiya. Mama ta ji daɗin gaisuwar, ta ce ki aiko mata da cukun nan naku in hanya ta buɗe, wai na kanti kamar sabulu yake a baki. Ki gafarce ni da jinkiri, muna ta ɗaure kaya.

Na karanta maganarki har sau biyu, na kuma sa ido kamar yadda kika ce. Gaskiya ban ga komai ba. Shekaranjiya Baba Anselme ya sa aka ɗaure masa ido da tsumma, ya ƙulla duk ƙullin da muke amfani da su ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana zaginmu. Mantuwa kuwa, ni da ban kai talatin ba, rabin safiyata a neman hulata yake ƙarewa.

Bari in gaya miki yadda muke, don ki gane abin da kike nema a wurina. Mu tara ne. Kyaftin Delorme ya taɓa zuwa Nepal, amma zazzaɓi ya kwantar da shi a gindin dutse har aka gama. Ni sajan ne, ana cewa na iya, amma iyakacina tsaunukanmu na gida, waɗanda in ka ji yunwa kana hango hayaƙin ƙauye. Sauran shida ƙarfi ne da su da zuciya, ba su san yadda iska ke ƙaranci a can sama ba sai a bakin malami. Mijinki ne kaɗai ya hau irin waɗannan duwatsu ya sauko, ba sau ɗaya ba. Shi ya san kalar gajimaren da ake gudu. In aka cire shi, sai mu zama 'yan makaranta da aka ba igiya.

Akwai wani kofur a cikinmu, Corentin, ɗan bakin teku daga Bretagne. Masunci muke ce masa. Sai da ya shiga soja ya fara taka dusar ƙanƙara, amma in ya kama bango kamar kyanwa. Baba Anselme ya ɗauke shi kamar ɗa. Jiya ya ce masa, "Kai Masunci, in ka ƙara taka mini igiya da takalmin ƙarfe, da ita zan rataye ka." Shi kuma ya ce, "To Baba, ka dai yi ƙulli mai kyau, kada in faɗo in ji ciwo." Har Kyaftin sai da ya yi dariya. Yaron nan in an ce masa Anselme na tafiya a kan ruwa, tambaya ɗaya zai yi, wane takalmi ya sa.

Kada ki ce na raina maganarki. Na nemi a sa ni igiya ɗaya da shi, an kuma yarda. Duk inda ya sa ƙafa ina nan. Ki kwantar da hankalinki, ki kula da shanunki.

Ƙaninki,
Régis

Sansanin gindin dutse, Afrilu 1979

Yaya Odile,

Ina gaishe ki daga ƙarshen duniya. Muna lafiya, ban da ciwon kai da tari, wanda kowa ke fama da shi a nan. Da fatan ke ma lafiya, shanu sun fara fita.

A gurguje nake rubutu, mai kai wasiƙu yana tsaye da jakarsa a bakin tanti, in ya tafi sai an ga dama. Mijinki na zaune kusa da ni yana ɗinkin safar hannu, ya ce in bar masa wuri a ƙasan takarda, don shi ba zai ɓata takarda guda kan abin da layi biyu zai ɗauka ba.

Tafiyar ƙafa ta kawo mu nan ta cikin ƙauyuka da gadojin igiya. Masunci, wanda ba ya tsoron bango, ya tsallake gadar farko da rarrafe, 'yan dako suna ta tafa masa. Dutsen kuwa, Yaya, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Ki ɗora namu na gida a kan wani irinsa, sannan ki fara. Mun kafa sansani biyu a jikinsa. A can sama ɗaure takalmi ma aiki ne, sai ka huta. Shinkafa da wake muke ci safe da yamma. Cukun da kika sa wa Baba Anselme a jaka ya zama abin rantsuwa, da wuƙa yake yanka mana ɗan siriri kamar takarda, wanda ya yi aikin kirki kawai.

Ga labarin da zai yi miki daɗi. Na yi magana da Kyaftin, ya yarda, an mayar da Baba Anselme baya. Ya yi faɗa ba kaɗan ba, har ya ƙi cin abinci, amma ya haƙura. Abin da na iya yi ke nan.

Ki gaida Mama in kin samu mai zuwa wajenta.

Régis

Odile, lafiya lau. Sun ce na tsufa. Kada ki sayar da ɗan maraƙin nan sai na zo. Anselme.

Val-Sernin, Mayu 1979

Régis ɗan'uwana,

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka lafiya, ya sauko da kai da ƙafafunka. Ina lafiya, yau kam lafiya sosai. Na aika wa mahaifiyarka cukun, direban motar madara ya kai mata har ƙofa.

A tsaye na karanta wasiƙarka a gaban mai kawo wasiƙu. Da na kai inda ka ce an mayar da shi baya, sai na zauna a kan matakala na fashe da kuka, har bawan Allah ya tsorata ya ce ko mutuwa aka yi. Na ce masa a'a, mijina ne zai dawo. Tun da kuka tafi ban ci abinci na ji ɗanɗanonsa ba sai ranar.

Na ga haushinsa a layin da ya rubuta. Ba komai. Ya zo ya yi ta yi mini fushi har kaka, na yarda. Ban san dabarar da ka yi wa Kyaftin ba, ba kuma zan tambaya ba.

Abu ɗaya ne ba ka faɗa ba. Zai jira ku ne a Kathmandu, ko jirgi za su sa shi ya rigo ku? Na shanya rigarsa ta zuwa coci, na gyara gadon, na gaya wa Fada da maƙwabta. Duk ranar da bas ke zuwa daga Albertville ina sauka bakin gada. Matar mai burodi har ta fara yi mini tsiya, wai kamar amarya. Ɗan maraƙin na nan, ya yi ƙiba.

Ku kuma da kuka rage, ku bi a hankali, tunda babu shi. Ka riƙe ɗan bakin tekun nan da kyau.

Odile

Val-Sernin, ƙarshen Mayu 1979

Régis,

Ban san ko kana da lafiyar karanta wannan ba. An ce kana raye. Ina fata haka ne.

Jiya wata baƙar mota ta tsaya a ƙofata, wani hafsan soja ya fito da hularsa a hannu. Kafin ya kai matakala ya ɗaga murya ya ce, "Yana raye, Madam, mijinki yana raye." Sannan ya ce an yi hatsari a kusa da ƙololuwar dutsen, soja ɗaya ya rasu, Kofur Corentin Kervella, ba a samu gawarsa ba. Ya ce su uku ne a igiyar, da shi da kai da Anselme.

Na ce masa ya yi kuskure, mijina an dawo da shi tun watan jiya. Ya dube ni kamar wadda ta zautu.

Me ya kai Anselme can sama? Kai ka rubuta da hannunka cewa an mayar da shi baya. Takardar na gabana. Ƙarya ka yi mini don in yi shiru? Ka amsa mini, Régis.

Odile

Asibitin soja, Yuli 1979

Yaya Odile,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Dama ta tafi da yatsu uku, sanyi ya cinye su, aka yanke. Ma'aikaciyar jinya ta ce in faɗa ta rubuta mini, na ƙi. Wannan ba maganar da za ta bi ta kunnen wani ba ce. Shi ya sa kika daɗe ba ki ji ni ba.

Wasiƙunki biyu tare aka miƙo mini su a nan. Ta murnar na fara buɗewa.

Ban yi miki ƙarya ba. Bayan igiya nake nufi. A da shi ke gaba, shi ke zaɓen hanya, shi ke kafa ƙusa a dutse. Da muka isa sansani na fara ganin abin da kika gani. Wata safiya ya tambaye mu yaushe za mu kai kaya sansani na ɗaya, alhali jiya tare muka kai. Aka yi dariya, don a can kowa kansa na juyewa. Ni ban yi ba. Na sami Kyaftin, na tsaya a gabansa, maganar na bakina. Sai na ji kaina ina cewa gwiwar Baba Anselme ta gaji, gara mu matasa mu koyi jan gaba. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Aka sa ni gaba, Corentin a tsakiya, shi a baya. Na ɗauka na yi dabara. Yana zaune kusa da ni lokacin da nake rubuta miki, ban iya yin bayani ba, ban kuma kawo a raina cewa za ki fahimta daban ba.

Abin da ban tsaya na auna ba shi ne saukowa. In ana saukowa, na baya shi ke saura a sama, shi ke ɗaure igiyar da kowa zai rataya a jikinta.

Ba mu kai ƙololuwa ba. Muna kusa, ya dubi yamma ya ce, "Mu juya, gajimaren can ba na wasa ba ne." Corentin ya ce, "Haba Baba, ga shi nan kamar in miƙa hannu." Ya ce, "Miƙa hannun ka gaishe shi, mu tafi." Gaskiyarsa kuwa, iska ta taso kafin mu yi nisa. Da bai ga gajimaren ba, da mu ukun duka muna can.

Muka iso wani bango da sai an sauka da igiya. Ni na kafa ƙusa, ni na ɗaura, na fara sauka. Da na isa ƙasa na ga igiyar ta faɗi a gefen rami, na lallaɓa na koma wani ɗan tudu ta hagu, na yi musu ihu su matsar da ita wajena. Ni na ce a matsar. Baba Anselme ya kwance, ya kafa wata ƙusar, ya sake ɗaurawa. Ba na ganinsu daga inda nake. Na ga takalman Corentin sun leƙo, ya jingina bayansa ga iska kamar yadda aka koya masa, ya sauko kaɗan. Sai igiyar ta biyo shi. Ya wuce ta gabana, kusa, har na ga bakinsa a buɗe. Bai yi ihu ba. Ko ya yi, iska ta ɗauke.

Na daɗe ina kiran sunansa. Sai na ga Baba Anselme na saukowa bangon nan da hannu da ƙafa, babu igiya, a natse, yadda ban taɓa ganin ɗan Adam ya yi ba. Ya diro kusa da ni, ya karkaɗe ƙanƙara daga gemunsa, ya ce, "Ina Masunci? Ya yi gaba ne?"

Na cire safar hannuna na ɗaure shi a jikina da ɗan guntun igiyar da ya rage. Iska ta tafi da safar dama. Haka muka sauko. A sansani ya hana kowa taɓa kwanon romon Corentin, ya rufe shi da hula, wai yaron zai zo da yunwa.

Kwamitin bincike ya zo nan gefen gadona. Sun tambaye ni ƙullin ne ya kwance ko ƙusar ce ta fita. Na ce ban gani ba, dutsen wurin kuma rubaɓɓe ne. Duka biyun haka suke. Igiyar ta tafi da shi, ba wanda zai ƙara hawa can ya duba ko ƙusar na nan. Suka rubuta cewa dutse ne ya karye. Mantuwar Baba Anselme kuma suka ce firgita ce da ƙarancin iska. Ba su tambaye ni ko yana haka tun kafin mu tafi ba. Na jira tambayar har suka rufe ƙofa.

Ban sani ba, Yaya. Kullum ina hawa bangon nan a kaina in duba, ban taɓa isa ba.

Régis

Val-Sernin, Agusta 1979

Ɗan'uwana Régis,

Sannu. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na je na ga mahaifiyarka, ta rame amma tana tsaye. Na yi maka mummunan zato, ka yafe mini. Na ɗauko takardarka ta Afrilu na sake karantawa. Abin da nake so in gani shi na gani.

Anselme na gida. Sun sallame shi da lambar yabo, aka yi ɗan biki a bariki, ya tsaya ƙyam cikin kaki kamar ba shi ba. Jikinsa lafiya lau, ya yanke ciyawar gangaren baya shi kaɗai. Amma abin ya ƙaru sosai. Wani lokaci sunan maƙwabcinmu ma sai na tuna masa.

Corentin kuwa bai manta shi ba. Faɗuwar ce babu a kansa. Ranar farko da ya tambaye ni me ya sa Masunci bai zo gaishe shi ba, na zaunar da shi na gaya masa. Régis, ban taɓa jin namiji ya yi irin wannan kukan ba. Ya tambaye ni wa ya ɗaura igiyar. Na ce ban sani ba. Ya shiga garken shanu ya zauna har yamma. Da ya fito ya wanke hannu, ya zauna cin abinci, ya ce, "Yaron nan Masunci shiru, ko hutu ya tafi?" Na sake gaya masa bayan kwana biyu. Ya sake yin kukan daga farko. Yanzu cewa nake an yi masa canjin bariki.

Ga abin da ya sa na rubuto. Mahaifiyar Corentin ta aiko mini da takarda. Gwauruwa ce, a masana'antar kifin gwangwani take aiki, shi kaɗai ne ɗanta. Ta ce tana son ta zo a watan Oktoba ta ga mutumin da ɗanta ke kira Baba, ta gode masa. Ta gode masa, Régis.

Ba zan iya tarbarta ni kaɗai ba. Ka zo ka tsaya kusa da ni. Ko ba ka ce komai ba.

Odile

Chambéry, Satumba 1979

Yaya Odile,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba Anselme in zai gane sunan. Hannu ya warke, na koyi sa maɓallin riga. Soja sun sallame ni. Ina gidan Mama, ba na fita sosai.

Ba zan zo ba. Ki yi haƙuri.

Na riga na ga matar. Na je garinsu ranar da aka yi masa addu'a a coci. Babu akwatin gawa, hotonsa aka ajiye a kan tebur da hularsa. Bayan an tashi ta zo ta kama hannuna mai bandeji da hannayenta biyu, ta ce ta ji a wajen neman ɗanta na rasa yatsuna. Na bar ta a haka. Ta cusa mini gwangwanin kifi a aljihu, wai in ci a jirgin ƙasa. Yana nan a kan taga, na kasa buɗewa, na kasa zubarwa.

In na sake tsayawa a gabanta, ko dai in faɗa mata komai, ko in faɗi ƙasa. In na faɗa, za a sake buɗe bincike, a kira mijinki gaban hafsoshi a yi ta tambayarsa abin da ba ya kansa. Ki rubuta mata ki ce ba shi da lafiya, kada ta zo.

Régis

Val-Sernin, Oktoba 1979

Régis,

Da fatan kana lafiya, da Mama. Mu muna nan. Shanu sun sauko daga makiyayar sama, an fara sanyi.

Ban hana ta ba. Ta zo ranar Asabar.

Ƙaramar mace ce, da baƙin kwat da ya yi mata yawa. Jirgi biyu da bas ta hau. A hanya daga gada na gaya mata cewa mijina ya samu matsalar mantuwa, bai san ɗanta ya rasu ba, in kuma aka gaya masa kamar yau abin ya faru. Ta tsaya ta huta a gangaren, ta ce, "To. Ba zan tayar masa da hankali ba."

Yana faskare muka same shi. Na ce, "Anselme, ga mahaifiyar Corentin." Ya yar da gatari, fuskarsa ta washe yadda na daɗe ban gani ba. Ya goge hannu a wando ya ce, "Ke ce kika haifi ɗan banzan nan? Madam, shigo, shigo! Odile, kawo kofi, kawo cuku mai kyau, ba na baƙi ba."

Ya yi ta ba ta labari. Yadda yaron ya fara zuwa da takalmin dama a ƙafar hagu. Yadda ya rarrafa a kan gada. Duk ya tuna, har da abin da ni ban taɓa ji ba. Ya ce, "Na koyar da ɗaruruwa, Madam, amma irinsa biyu ne ko uku. Nan da shekara goma shi zai riƙa jan sojoji, ki rubuta ki ajiye. Kunnen ƙashi ne kawai da shi." Ta yi dariya, hawaye na zuba cikin kofinta, ta ce, "Haka ubansa yake." Ta ci cukun. Ta ce ta gode da ya riƙe mata shi kamar ɗa.

Da za ta tafi ya raka ta bakin ƙofa, ya ce, "Ki ce masa ina fushi. Ko kati bai aiko ba. Ki ce ya zo kafin Kirsimeti, akwai wani bangon ƙanƙara a bayan ƙauyen nan da nake son in nuna masa."

Ta ce, "Zan gaya masa."

Muka sauka gada mu biyu. Bas ta makara. Muna tsaye tana kallon duwatsu, ta ce ba ta taɓa ganinsu ido da ido ba, ashe haka suke rufe wa mutum sama. Sai ta juyo ta ce, "Madam Odile, tun yaushe yake haka?"

Na shirya wa tambayoyi da yawa, ban da wannan. Na ji bas na tahowa a kwanar ƙasa. Na ce, "Tun dawowarsu."

Ta dube ni. Ta daɗe tana dubana, ba fushi a fuskarta, ba komai. Sannan ta gyaɗa kai, ta ɗauki jakarta ta hau. Akwai kujeru babu kowa ta gefen da nake tsaye. Ta wuce su, ta zauna ta ɗaya gefen, ta juya fuskarta ga kogi.

Na hawo gida. Anselme ya gama faskaren, ya jera itacen tsaf. Ya ga kofi uku a kan tebur, ya tambaye ni ko baƙi muka yi.

Ba sai ka amsa wannan ba. Ka gaida Mama.

Odile